Masu Tura Motar Kasuwa

Garinmu ba ya kan kwalta. Idan mutum ya bar Damagaram ya nufi gabas, ya wuce Mirya, kafin ya kai Gidimuni zai ga wata hanya ta ratse, wadda ba wanda ya shata ta sai sawun tayoyi da kofaton shanu. Takan bi ta tsakiyar gonakin gero har ta hau wani dogon tudun rairayi. Daga kan tudun ne ake hango garin a can ƙasa cikin kwari, da rumbunansa da rijiyarsa, da wani babban gawo a bakin gari. Gindin gawon nan shi ne tasharmu tun kafin a haife ni.

Gangarowa daga tudun ba ta da wuya; mota ko an kashe injinta za ta iso gindin gawo. Hawan ne aiki. Rairayin gefen da ke fuskantar gari yana da laushi kamar tankaɗaɗɗen garin tuwo, kuma ban taɓa ganin motar da ta haye shi da ƙarfin kanta ba. Sai an tura. Wannan ya sa motar da ke zuwa mana take da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Washegarin kasuwar Gidimuni, idan ta ɗauko rake da kabewa za ta koma Damagaram, takan ratso ta hau tudu ta tsaya. Direba ya danna ham, ya leƙo ya dubi gindin gawo. In ya ga taro ya gangaro, in ya ga mutane tsiraru ya juya abinsa. Matafiya ne abincinsa, amma daga can sama kafaɗun da za su fid da shi yake fara ƙidayawa.

A zamanin ƙuruciyata ban taɓa ganin ya juya ba, domin a garinmu ba a barin mutum ya tafi shi kaɗai. Ko kwana biyu za ka yi a birni, dangi da maƙwabta sai sun raka ka bakin gari, kuma abin kunya ne ga gida a ce ɗansu ya tashi da 'yan rakiya ƙalilan. Tsofaffi sun ce haka ake yi tun ana tafiyar ƙasa da jakuna. Mota ta zo ta tarar da al'adar, ta shiga cikinta ta zauna.

Direban wancan zamani wani gajeren dattijo ne mai ƙaton rawani, mai saurin faɗa da saurin hucewa. Yakan diro ya ƙare wa taron kallo ya ce, "To, ina matafiyan?"

"Ga mu nan duka!"

"Ku duka ina? Wanda zai shiga nake tambaya."

Sai a turo wani tsoho gaba, riƙe da igiyar rago.

"Wannan da ragonsa? Ku ji tsoron Allah! Gari guda kun fito rakiyar rago?"

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda a lokacin saurayi ne mai ƙirji kamar ƙofar gida, shi ne mai ba shi amsa kullum. "Ragon ma ɗan gari ne, Baba direba. A gabanmu aka haife shi."

A fashe da dariya. Direba ya yi ta zage-zagensa yana ɗaure kaya, mata na cusa masa saƙo, wannan ƙullin kuka na 'yarta ne, wancan man shanu na surukarta. Idan ya tada inji, sai maza su tuɓe riguna su ɗaura a ƙugu, su jeru a bayan mota da gefunanta. Kawu ya ɗaga murya, "Hoɓɓasa!" Kowa ya amsa, mota ta yi ta gurnani tana watsa musu rairayi a fuska har ta haye. A can sama su tsaya suna haki suna ɗaga wa matafiyi hannu, sa'an nan su gangaro suna gardamar wanda ya tura da gaske da wanda ya dafa kawai.

Haka aka tura ni ranar da na tafi kwaleji a Damagaram. Ni ne ɗan fari a wurin Iya, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna damuwa da ni a gaban mutane. Ta zo rakiya kamar kowa, goye da ƙanena, amma ta tsaya a bayan gawo tana kallon wajen rijiya kamar wani abu ya ɓace mata a can. An ɗora ni a kan buhuna. Da mota ta fara hawa na dubi ƙasa, na ga bayan mutanen garinmu duka a sunkuye, da liman, da maƙeri, da waɗanda suka sha dukana a wasa da waɗanda na sha dukansu, kowa na zufa domin ni in haye. Ban taɓa jin girman kaina kamar ranar ba.

Na daɗe ina ba da wannan labari a matsayin abin alfahari. Sai da furfura ta fara fito mini na lura da lissafin da ke cikinsa: duk wanda aka tura ya haye tudun, kafaɗarsa ta fita ke nan daga bayan mota. Bayana wasu sun bi, wasu zuwa makaranta, mafi yawa zuwa neman abin da gona ta daina bayarwa. Aka tura masu zuwa Kano, aka tura masu zuwa Ikko, daga baya aka tura masu nufar arewa wajen haƙar zinariya, cikinsu har da ƙanen nan nawa da Iya ke goye da shi. Ba na ganin laifin kowa. Geron da ake girbewa ba ya kai gida damina, kuma ni kaina ban san abin da zan yi da takardar jami'a a gindin gawo ba. Amma rashin mai laifi bai hana abin zama kamar yadda ya zama ba.

A garinmu kuwa ba a cewa mutum ya ƙaura. Kalmar tana da nauyi a baki, kamar an ce ya yi fushi da iyayensa. Cewa ake yi yana cin rani, wato ya fita neman na kansa kafin ruwa ya sauko, zai dawo ya yi shuka. Da can gaskiya ce. Yanzu wanda 'ya'yansa ba su taɓa ganin gawon ba ma cin rani yake. Ni da na yi aure a Damagaram, na gina gida a unguwar Zango, na koyar da yaran da suka zama iyaye, idan baƙo ya tambayi Iya ina babban ɗanta, cewa take, "Mushe na birni yana cin rani." Tun da na zama malamin makaranta ta sami sauƙi, ta kama kirana Mushe, wato malam, kamar yadda 'yan lakwal da nake koya wa ke kirana.

Labarin ƙasa nake koyarwa a lisse, wato babbar sakandare. Wata rana muna darasi a kan ƙauyukan Indiya, inda littafin ke bayyana kowane ƙauye da abu biyu, yawan mutanensa da nisansa daga tashar mota ko ta jirgi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ku garinku mutum nawa ne?" Na ce mata ta bari sai na je na tambayo, aji ya yi dariya, muka wuce. Amma tambayar ta biyo ni gida, domin amsa biyu gare ni. Akwai ta Kawu, wanda yanzu shi ne bulama, wato mai garin. Idan ya fara lissafa gidaje yakan haɗa da masu cin rani duka, da matan da suka aura a can da 'ya'yan da suka haifa, sai garin ya fito babba fiye da yadda na bar shi. Akwai kuma ta direba daga kan tudu. Ban iya cewa ta Kawu ƙarya ce ba, tunda ina cikinta kuma ba na son a cire ni. Na dai san wadda ke sa mota ta gangaro.

Da Iya ta tsufa sai tansiyo, wato hawan jini, ya kama ta, ga jiri da ke ɗibarta idan ta miƙe da sauri. Majon da ya duba ta a likita, wato ma'aikacin asibiti, ya ce lallai a riƙa kawo ta Damagaram a kai a kai, a auna ta a sake mata magani. A lokacin kabu-kabu, masu baburan haya, sun riga sun koyi hawa tudunmu, har matasa na cewa zamanin mota ya wuce. Ga mai ƙarfi haka ne. Iya ta gwada sau ɗaya, tun kafin su bar bakin gari duniya ta juya mata, da ƙyar aka tare ta. Jaki ma haka. Tudun kuwa ya fi ƙarfin ƙafarta. Tana iya gangarowa a hankali da sanda, amma hawa sai dai a ɗauke ta. Da aka kawo shawarar a ɗora ta a kan gado a haye da ita, ta ce ba wanda zai ɗauke ta a kafaɗa tana da rai, a jira ranar makara. Ita da motar ciwonsu ɗaya, sun iya sauka ba su iya hawa ba, kuma sai a cikin motar take fita garin.

Na roƙe ta ta dawo wurina.

"Iya, ɗaki na nan an share, an sa ƙofa sabuwa."

"Wa ya mutu da za a ba ni ɗakinsa?"

"Ba wanda ya mutu. Domin ki aka gina."

"Mushe, ni ba buhun gero ba ce da za a kai ajiya. Muddin mota na saukowa ina da likita ina da gida. In je a duba ni, in sha shayin matarka, a maido ni. Ranar da ta daina saukowa sai ka zo da maganarka."

Na karɓi wannan sharaɗi da sauƙi, domin a zuciyata motar da gawon abu ɗaya ne, ban taɓa tunanin ɗayansu zai gushe ba. Haka muka yi ta yi. Matar ƙanena, wadda ke zaune da ita tare da 'ya'yanta tun da mijin ya yi arewa, ita ke rako ta.

A bazarar bara ne matar ƙanena ta kira ni. A garinmu ba a samun rezon waya sai an hau tudu, saboda haka duk wanda ya kira ni daga can da haki yake fara magana.

"Yaya, motar ta zo ta juya."

"Ba ku fito ba ne?"

"Mun fito. Ya tsaya, ya danna ham, ya dube mu, ya juya. Wancan makon ma haka. Maganin Iya ya ƙare, jiya da rana ta faɗi a bakin randa."

Na aika magani da mai kabu-kabu, amma aunawa ba a aika ta. Na nemi direban. Ɗan wancan dattijo mai rawani ne, ya gaji motar da hanyar, sai dai bai gaji faɗan ba. Mutum ne mai sanyin murya. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Mushe, wallahi ba ƙi nake ba. Tsohuwar nan tun ina yaro take ba ni fura. Amma in na sauko, wa zai fid da ni?"

Na ce masa zan je da kaina, za a sami mutane.

"To. Zan tsaya a kan tudu in duba, yadda Baba ke yi. In na ga mutane zan sauko."

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na tafi. Na sami Iya kwance a inuwar danga, fuskarta ta ɗan kumbura, tana cewa lafiyarta ƙalau, mutane ne ke son surutu. Dangar nan ita ta kafa ta da hannunta bayan kaka, kara mai kauri da zana a ciki, ɗaurin igiya layi uku. A garin duka ba mai danga irin tata, kuma ta san haka.

Da gari ya waye Kawu ya bi gida gida yana sanarwa cewa yayarsa za ta likita, a fito rakiya. Ba wanda ya ƙi. Suka yi ta fitowa, tsofaffi da sandunansu, mata da goyo, yara a guje. Na tsaya ina dubansu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ke tsakanin yaro da tsoho, na sami maƙeri, wanda ya girme ni, da wani gurgu mai ɗinkin takalma, da ni. Kawu ma ya gani, amma bai dube ni ba. Sai ya shiga tsara mutane kamar mai shirya sahun salla.

"Ku tsofaffi ku miƙe tsaye. Daga nesa na zaune tsoho ne, na tsaye namiji ne. Ku ɓoye sandunan a bayanku. Ku mata ku bazu, kada ku dunƙule wuri ɗaya kamar kaji sun ga shaho."

"Bulama," in ji wata tsohuwa, "ni in tsaya ina in zama namiji?"

"Ke tsaya bayan gawo ki yi tari, muryarki ta fi tawa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na tambayi kaina ko yaudara ce muke shiryawa. Duk wanda ke wurin don Allah ya fito rakiya, kamar yadda iyayensa suka yi, ba a ɗauko kowa daga wani gari ba. Sai dai mun san abin da direba ke nema da idonsa, mun kuma san ba shi muke nuna masa ba. Har yau ban gama yanke hukunci a kan wannan safiya ba.

Da hantsi muka ji ham. Motar ta tsaya a kan tudu, ta daɗe a tsaye. Can sai muka ga hancinta ya sunkuyo, ta gangaro tana rangaji da lodin rake, yara suka ɗauki ihu.

Direba ya diro da murmushi, ya nufi Iya kai tsaye, domin wasan jika da kaka suke yi.

"Amarya, yaji za ki yi mini ne? Na ji an ce kin daina cin tuwo."

"Miji marar cefane! Mako nawa kana leƙe daga tudu kamar ɓarawon akuya?"

Yana dariya ya juya ya dubi taron daga kusa. Na ga idonsa na bin fuskoki, na ga murmushin na janyewa a hankali. Ya dubi sandunan da suka fara fitowa daga bayan riguna. Ya dubi tudun. Ba shi da kowa a motar sai wasu mata biyu 'yan kasuwa a kan kaya.

"Bulama, ina mazan?"

"Suna cin rani."

"Ranin bana ko na bara?"

Direba ya buɗe ƙofar gaba, ya kama hannun Iya ya zaunar da ita, ya ce mu yi bisimilla.

Na tuɓe rigata na ɗaura a ƙugu yadda na ga ana yi. Kawu ya kafa kafaɗa kusa da ni, ya ce "Hoɓɓasa!" da muryar da ta fi ƙirjinsa girma. Motar ta tashi da kyau a kan tsandauri, ta shiga rairayi da gudunta, muka bi ta muna turawa, har na fara cewa a raina ashe tsoron banza nake. Kafin rabin tudu ta yi sanyi. Tayoyin baya suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami, ta zauna a kan cikinta.

Aka sauke rake, aka sauke kabewa. Mata suka koma gida suka ɗauko ƙorai da kwanoni suna kwashe rairayi daga gaban tayoyi, rairayin na gangarowa yana cike inda suka kwashe. Muka sake turawa, ta motsa taki kaɗan ta sake kafewa. Rana ta take. Ƙarfen motar ya yi zafin da ba a dafa shi da tafin hannu. Ni da na yi shekara da shekaru ba abin da nake ɗagawa sai alli, nan da nan na fara haki. A turawa ta gaba Kawu ya zame ya durƙusa, ya kasa tashi. Muka ja shi inuwar motar, yana buɗe baki kamar kifin da aka fid da shi daga tabki, yana nuna mana da hannu mu ƙyale shi mu koma aiki. Na leƙa gaba na ga Iya ta jingina kai da ƙofa, idanunta a rufe, zufa na bin wuyanta. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na kawo ta tsakiyar tudu cikin rana, ba gida ba likita.

Direba ya zagayo yana share fuska. "Ƙarfi ba zai yi ba. Sai an shimfiɗa wa tayoyi abin da za su taka. Kara, ko zana, da yawa."

A bazara ba kara a gona, dabbobi sun cinye, wanda aka tara ya tafi murhu. Ba inda ya rage sai a jikin dangogi, kuma gidan da aka cire wa danga a wannan lokaci haka zai zauna tsirara har kaka ta zagayo.

Sai muka ji muryar Iya, ba ta ko buɗe ido ba. Ta kira matar ƙanena.

"Ki ɗauki mata ku je ku ciro dangata."

"Iya, awaki za su shiga."

"Su shiga. Me za su ci?"

Kawu ya yunƙura daga inda yake zaune. "Yaya, in aka cire danga gida ya zama fili."

"Na san abin da danga take, ni na ɗaure ta. Ku fara da ta gabas, ta fi kauri."

Daga inda muke ana hango gidan. Na tsaya ina kallo suna kwance igiya, dangar na faɗuwa gefe bayan gefe, har tsakar gidan da aka haife ni ta bayyana ga kowa, da turmi, da randa, da tabarmar da Iya ta tashi daga kai da safe. Suka hawo a jere da dammunan kara da zana a ka. Muka shimfiɗa a gaban tayoyi, direba ya tada inji, muka tura. Motar ta taka ta hau tana karya kara, ta wuce tsawon shimfiɗar ta tsaya. Yara suka kwaso abin da ta taka suka kai gaba, muka sake shimfiɗawa, muka sake turawa. Haka muka yi ta yi, karan na raguwa a kowane zagaye, zanar na yagewa, har abin da muka shimfiɗa na ƙarshe bai fi abin hura wuta ba. A kansa ta haye.

Ba wanda ya yi ihu a kan tudu. Mutane suka zube a ƙasa suna mai da numfashi, sa'an nan aka shiga hawo da rake da kabewa kaɗan kaɗan. Direba ya ja ni gefe, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Mushe, na gama da wannan tudun. Ba don wahalata ba. Dubi Bulama. Wata rana mutum zai mutu a bayan motata, in kai wannan ina? Ka faɗa musu, ni bakina ba zai iya ba."

Na yi masa godiya. Ban kuma bukaci faɗa wa kowa ba. Kawu ya taso da sanda, wadda yanzu bai ɓoye ba, ya zo ya dafa ƙofar da Iya ke ciki. Suka dubi juna, su biyun da suka rage a cikin 'ya'yan uwarsu.

"Sai yaushe, Yaya?"

"Cin rani zan je."

Kawu ya gyaɗa kai. "To, Allah ya kawo damina."

Na hau bayan mota kan rake, inda aka ɗora ni ina yaro. Da muka tashi na waiwaya. Suna tsaye a kan tudu suna ɗaga hannu kamar yadda aka saba, sai dai a wannan karo ina iya ganin sarari tsakanin kowane mutum da na kusa da shi.

Iya na ɗakin nan mai sabuwar ƙofa. Ana auna ta a kan lokaci, kumburin ya saɓe, jirin ya yi sauƙi, majo ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Abin da na roƙa shi na samu, kuma ya kamata in ji daɗi. Matar ƙanena ba ta iya zama a gida marar danga ita kaɗai ba, kafin wata ya ƙare ta biyo mu da yaranta a kan kabu-kabu, ba wanda ya tura su. Motar na wucewa ta kan kwalta washegarin kasuwa, ba ta ratsewa. Kawu yakan hau tudu ya kira ni, sai in jira ya gama haki kafin mu gaisa, kuma jiran na ƙara tsawo. Idan na tambaye shi mutanen gari yakan ce kowa lafiya, ya shiga lissafa su, da mu a ciki. Ina sauraronsa ina tunanin ranar da shi ma zai bukaci a kai shi likita, ina neman wanda zai tsaya a gindin gawo a gan shi daga sama.

Ranar da ruwan fari ya sauka a Damagaram ina gida. Ƙamshin ƙasa ya shigo, yara suka fita tsakar gida suna tsalle. Iya ta taso da sandarta ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa tafin hannu ruwan na zuba a kai. Ta daɗe a haka. Sa'an nan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Mushe, motar tana sauka?"

Na ce, "Ba ta sauka, Iya."

Ta janye hannun ta goge a zaninta.

"To, ranin bai ƙare ba ke nan," in ji ta, ta koma ciki.